Matakala Huɗu a Gindin Lilo

Zuwa ga Ramla, gawona mai kore a lokacin da kowane icce ya zubar da ganyensa, inuwata ta tsakar rana, ƙamshin ruwan farko a kan yashin Dakoro. Zuwa ga wadda yau kwana tara ke nan ba ta amsa sallamata ba.

Ina gaishe ki, ina kuma roƙon ki karanta takardar nan har ƙarshe kafin ki sa mata almakashi ki yi awon wuyan riga da ita. Kada ki zaci da sanyin zuciya na zauna rubutu. Fushi nake yi, Ramla, fushin da ya sa soyayyen naman layya ya zame mini kamar ƙasa a baki. Ina fushi da mai lilo. Ina fushi da wanda ya ƙera lilon a can wata ƙasa da ban sani ba. Fiye da su duka, ina fushi da wani tsohon mushen lakkol, wato malamin makaranta, mai suna Badaru, wanda ya shekara biyu yana cewa yana son ki, aka yi masa jarrabawa sau ɗaya tak, ya faɗi a gaban gari.

Kin tuna ranar da kamiyo biyu, manyan motocin kaya, suka shigo gari shaƙe da ƙarafa, saura kwana uku Sallar layya? Ina zaune bakin shagonki, hannunki na dama na juya keken ɗinki, na hagu na tura shadda, sai kika ɗaga kai kika hango suna tayar da babban lilon nan a filin bayan tasha, kamar ƙafar amalanke da aka tsayar ta kai tsayin hasumiya, kujeru na reto a jikinta. Kika tsayar da ɗinki. Ke da ba ki taɓa tsayar da ɗinki domina ba! Kika ce: "Mushe, tun ina shekara huɗu shan inna ta zaunar da ni. Na san aljihun kowa a garin nan, na san wanda ɗinkin wandonsa ya saki, amma ban taɓa ganin tsakar kan mutum ba. Sai na hau abin can na leƙo ku daga sama, in ga ko daga can ma haka kuke da girman kai." Na yi dariya har hulata ta karkace, na ce ni zan raka ki. Me zai hana? Kawunki Halidu ya karɓi gorona, an sa mana rana bayan kaka.

Ya barewar kwarin Tarka, da ma ban yi wannan alkawari ba, da ma kin tafi da Aisata ƙanwarki, wadda ta fi ni baki kuma ta fi ni zuciya!

Washegarin salla bayan la'asar kika zo cikin shuɗiyar shaddar da kika ɗinka wa kanki bayan kin sallami na kowa. Kina tuƙa kekenki da hannu cikin yashin da babura ke kafewa a cikinsa, ni ina biye ina haki. Da kanki kika yanki tike biyu. Muka isa gindin lilo, mai abin ya ga keke, bai ga shadda ba, bai ga tike ba, bai ga fuskar da ta hana ni sukuni shekara biyu ba. Ya jefa miki sadaka a cinya, ya ce Allah ya ba da lafiya. Da kika mayar masa kika nuna tike, sai ya ɗaga ido ya tsallake kanki kamar ba kya wurin, ya ce da ni: "Mushe, matakala huɗu ne, ba wata hanya. In iyalinka ce, ɗauke ta ka ɗora. In ba iyalinka ba ce, ku ba mutane wuri."

Kika juyo kika dube ni. Ni kuwa me na yi? Waige na yi. Na ga tsofaffin ɗalibaina da matansu, na ga maƙwabcin kawunki, na ga rabin masallacinmu. Na tuna ba a ɗaura mana aure ba, namiji kuwa ba ya taɓa macen da ba tasa ba, balle ya rungume ta a bainar jama'a. Wannan haka yake, har gobe ban ce ba haka ba ne. Amma abu nawa mutum zai iya yi ba tare da ya taɓa ki ba? Ba zai iya neman katako ba? Ba zai iya tambayarki yadda kike so a yi ba? Ba zai iya tsayawa a kan matakalar ya ce lilon nan ba ya juyawa sai an yi wa mai tike hanya ba? Ni da na shekara ashirin da shida ina tsawa a aji har ana ji daga kasuwa, a ranar sai muryata ta koma ta ɗan tsako. Na ce wa mutumin: "Ba a ɗaura ba tukuna." Kamar abin da ya kawo mu ke nan! Sannan na sunkuyo na ce miki: "Mu haƙura, Ramla, ba komai."

Ba komai! Wa ya aike ni in yi haƙuri da bakinki? Wa ya ba ni burinki in yafe shi a madadinki?

 Kika ciro takalman roba biyu daga ƙarƙashin kujerar keke, kika zura a hannu, kika sauka ƙasa. Kika hau matakalar ƙarfen nan da rana ta gasa, ɗaya bayan ɗaya, da damatsanki, shaddarki na jan tsatsa da baƙin mai. Filin da ke cike da ihu ya yi tsit. Ni ina tsaye, hannuwana biyu a bayana kamar mai duba jarrabawa. Sai da kika kai sama, sai da kika ɗora hannu a kan kujerar lilo, sannan azzalumin nan ya tuna yana da doka: wai wanda ba ya tsayawa da ƙafarsa ba ya hawa, don in inji ya mutu a sama yaya zai sauko? Me ya hana shi faɗa tun kina ƙasa? Jira ya yi ya ga ko za ki iya, kamar mai kallon wasa! Kika sauko yadda kika hau, kika koma kan keke, kika miƙo mini tike guda kika ce: "Riƙe naka, Mushe. Hau ka dawo ka ba ni labari, ai ka iya bayani." Da safe Aisata ta maido mini goro da turmin zane, ta ajiye a zaure ba ta ko zauna ba.

Tun daga ranar nake tunanin wanda ya ƙera abin. Na tabbata mutum ne mai ilimi. Ya auna nauyin kowace kujera, ya yi lissafin iska, ya ƙirga kusoshi. A cikin duk lissafinsa bai tuna cewa akwai ɗan Adam da ke zuwa wuri a kan taya ba. Alhali je ki kasuwar dabbobi ranar da ake lodi: bijimi, Ramla, bijimin da za a kai kudu a yanka, an gina masa gangare mai kyau yana hawa kamiyo a tsanake, ba mai ce masa ya yi tsalle. Garin da ya san yadda ake girmama ƙafar bijimi ya tsaya yana kallon macen da ta ɗinka masa kayan salla tana rarrafe a kan ƙarfe! Ni ma ina cikin garin, a sahun gaba.

To, ki ji abin da fushi ya sa ni yi, tun da a ranar bai sa ni komai ba. Na koma filin kowace la'asar na zauna ina kallo. A rana ta uku injin wutarsu ya mutu, mutane na sama. Kin san masu ƙafafu nawa suka taka iska suka sauko? Ko ɗaya. Wani ƙaton dillalin shanu ya maƙale a can ƙoli yana salati yana kiran sunan uwarsa, har ma'aikata suka juya lilon da hannu, aka sauko da kowa a zaune, kujera bayan kujera. Na je wurin mai lilo na ce ya nuna mini takardar da aka rubuta dokarsa. Ya duba aljihu, ya duba sama, ya ce tana wurin ubangidansa. Na ce ni malamin lakkol ne, jiran takarda sana'ata ce, na jawo benci na zauna a bakin matakalarsa. A ranar muryata ta dawo. Kaico, ta dawo a makare!

Na auna tsayin dandamalin, na tafi maƙerar Rhissa a bakin kasuwa, muka ƙera gangare na ƙarfe da katako. Nan ma sai da na sake yin wauta, don irin na shanu na zana masa. Na roƙi Mamani mai gyaran rediyo, wanda kekensa irin naki ne, ya zo ya gwada. Ya dubi abin, ya dube ni, ya ce: "Mushe, mu ba shanu ba ne, ba mai bin mu da sanda daga baya. Hau ka gwada." Ya sauka ya ba ni keke. Na kai rabi hannuwana suka mutu, keken ya dawo da ni da baya, na kife a yashi ƙafa sama, Rhissa na dariya har rawaninsa na kwancewa. Ashe abin da kike yi kullum tsakanin gida da shago, kina hira kina gaisawa da mutane, ni ba na iya yin taku goma nasa! Mamani ne ya faɗi tsawon da ya kamata, muka ninka shi, muka sa masa gefe don kada taya ta zame. Mai lilo ya yarda, ba don ya ji kunya ba, sai don ya lura gangaren zai sauƙaƙa masa ɗora injinsa a kamiyo. Ban damu da dalilinsa ba. Shekaranjiya Mamani ya hau da kansa, ya zame daga keke zuwa kujera ba wanda ya taɓa shi, ya zagaya sau uku yana zagin abokansa daga sama. Bayansa wasu biyu sun hau.

Ke ma ina da ɗan fushi da ke, ya zumata mai harbi, kuma sai na faɗa. Kin auna shekara biyu da la'asar ɗaya. Kin maido goro ba ki haɗo shi da ko zagi ba, alhali zaginki ya fi mini shirun nan daɗi sau dubu. Ki kira ni matsoraci, ki kira ni mai bayani, ki faɗa a gaban Aisata ta ƙara nata! Amma kada ki bar ni ina wucewa ta bakin shagonki ina jin ƙarar keken ɗinki tana ƙaruwa daidai lokacin da na yi sallama. Na san hukuncinki daidai ne. Shi ya sa yake ciwo.

Ranar Lahadi za su kwance lilo su tafi. Ranar Asabar bayan la'asar ina filin. Ba zan tura miki keke ba, ba zan amsa tambayar da aka yi miki ba, ba zan sake cewa "mu haƙura" a kan abin da naki ne ba. In kin so in zauna kusa da ke, zan zauna. In kin fi so ki hau da Aisata, zan tsaya ƙasa. Gangaren nan ba kuɗin fansata ba ne. Haƙƙinki ne, ko da kin rantse ba za ki sake kallona ba.

Akwai abu na ƙarshe, shi ne ya fi ƙona ni. Bayan na gama zagin mai lilo da maƙerinsa na dawo gida, na tsaya a ƙofar ɗakin da na shirya miki. Na yi masa fenti, na sa sabon gado, na buɗe taga wajen gabas don hasken ɗinki. A bakin ƙofar kuwa akwai matakala uku masu tsayi, waɗanda ni da hannuna na sa aka gina don kada ruwan damina ya shiga. Wata shida ina hawa ina sauka ina shirin tarbar amarya, ban taɓa ganinsu ba. Da haka za ki shigo ɗakinki ranar aurenki, a kan hannuwanki, ni ina tsaye ina murmushi! Jiya na ari guduma na farfasa su, tafin hannuna duk ya yi kanta. Mamani ya zo ya auna mini gangaren, siminti na nan bai gama bushewa ba. Maƙwabta sun ce ruwa zai shigar mini ɗaki. Ya shiga.

Goron yana nan a zaure inda Aisata ta ajiye shi, kullum ina yayyafa masa ruwa kada ya bushe. Ki aiko ta ta ɗauka, ya sanyin idona, ko ki aiko ta ta ce in daina jiƙa shi. Kowanne kika zaɓa, ƙofar nan haka za ta zauna, ba kuma wata mace da za ta shige ta da sunan matata in ba ke ba, daga yau har ranar da za a fitar da ni ta cikinta a kan kafaɗun mutane.

Naki, mai laifi, mai jira,
Badaru