Bol-join Ɗin da Ya Zubar da Albasar Kalmalo

Zuwa ga Shugaban masu sayar da kayan gyaran mota na garin Illela,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali da kasuwa. Ni direba ne, a-kori-kura nake ja, na daɗe ina kwaso albasa daga gonakin Kalmalo da Garu zuwa kasuwa. Sau biyu ina zuwa shagonka da wannan magana ana ce mini ka shiga Konni. To, ga ta a rubuce, kowa ya karanta.

Na farko. Bana na sa aka ɗaga motata aka ƙara mata tsayi, domin hanyar fadama rami ce da yashi, cikin motar yana ta gogar ƙasa. Bakanike ya ce a canza bol-join, wato gaɓar da ke riƙe tayar gaba, da bushin, robobin da ke raba ƙarfe da ƙarfe. Ka san al'adarmu: a ciro tsohon, a ƙunshe a leda, a kai shago a ce a ba da irinsa. Haka na yi, amma ban ɓoye komai ba. Na gaya wa mai shagon, wanda yake ƙarƙashin ƙungiyarka, cewa an ɗaga motar, har hotonta na nuna masa a waya. Ya jera tsoho da sabo a kan benci, ya ga kansu ɗaya, ya ce wai mi direba ya sani game da ƙarfe. Haka na saya aka ɗaura.

Na biyu. Sai daga baya wani bakanike a Sakkwato ya fahimtar da ni cewa idan aka ɗaga mota, hannun da ke riƙe taya yana sunkuyawa, bol-join na asali ya koma aiki a ƙarshen iyakarsa. Akwai wanda aka yi musamman don irin wannan mota. Ni ban sani ba, amma wanda ya shekara ashirin yana cin abinci da kayan nan ba shi da hujjar rashin sani. Bushin kuwa, da aka yanka shi, sai ga tsohuwar tayar babbar mota, an sassaƙa an shafe ta da mai an sa a kwali. Ba na raina masu sassaƙa taya, sana'a ce. Amma a faɗa mini abin da nake saye.

Na uku. Ranar wata Lahadi da hantsi na ɗauko albasar Malam Umaru, dattijon da ya fi shekara goma yana ba ni kaya, noman ranin da ya yi gaba ɗaya. Yana zaune kusa da ni. A hankali nake tafiya, mai jaki ma ya wuce mu. Muna faɗawa wani ɗan rami a gefen tafki bol-join ya fita, taya ta lanƙwashe, mota ta karkata, buhuna suka zube cikin ruwa. Albasar da ta jiƙe ba ta ajiyuwa, dillalai ko kallonta ba su yi ba. Malam Umaru kuma ya bugu a kafaɗa, har yau ba ya iya ɗaga hannun.

Yanzu a Kalmalo cewa ake gudu nake yi, wai na ɗaga mota na ɗaga kai. Ana tsakiyar kwasar albasa, wayata ko sau ɗaya ba ta yi ƙara ba. Mai shagon kuwa ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma raina ya ɓaci da aka mayar da ita mayafin sakaci.

Ga buƙatuna. A wajabta wa kowane mai shago ya tambayi ko an ɗaga mota kafin ya miƙa bol-join. Bushin taya a kira shi da sunansa. Sannan ina roƙonka ka zo da wannan mutum Kalmalo bayan sallar Juma'a, ya faɗa wa manoma da bakinsa abin da ya karye da dalilin karyewarsa. Ba kuɗi nake nema ba, sunana nake so a wanke kafin albasar bana ta ƙare.

Jiya na je duba Malam Umaru, ya riƙe hannuna ya ce ya yafe mini. Laifin da ban yi ba ya yafe, na kuma yi masa godiya, don ba ni da wanda zai tsaya mini shaida.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon tsayawa a kan gaskiya ko da a kan naka ne, ya sa albarka a kasuwarka.

Wassalam.

Direban albasa,
Illela.