Ɗingishin da Mijina Ya Ara

Malama Kiyono, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen wata, don dillali ya ce iyakar jiran da zai yi mana ke nan.

Shekarata hamsin da takwas, mijina Tokuji sittin da ɗaya. 'Yarmu ta yi aure a Sendai, autanmu ya sami aiki a Fukuoka, aka bar mu mu biyu a gida mai ɗaki huɗu can Ageo, muna share ɗakunan da ba mai kwana a ciki. Har yau "Mama" yake ce mini, ina ce masa "Baba", sai ka ce akwai yaron da zai ji. Dukanmu a Tokyo muke aiki, shi a gidan ɗab'i a Yushima, ni a kantin magani a Hibiya. Kullum sai bas zuwa tasha, sannan jirgin ƙasa biyu a tsaye. Muka ce mu sayar da gidan mu matso kusa.

Ni raina yana unguwar Machiya. Can aka haife ni, ƙawayena biyu na firamare suna can, tsohuwa mai sayar da awara har yanzu da sunan yarinta take kirana. Mun sami gida, minti bakwai zuwa tasha in ji takardar dillali. Sai dai kin san jirgin safe in ya iso Machiya, ba masaka tsinke.

Shi kuma ya kafe sai Kita-Ayase, tasha uku gaba, inda jirgin ke tasowa babu kowa a ciki, in ka bi layi ka sami kujera. Unguwa ce mai tsabta, ban musa ba, amma ban san kowa a can ba.

Tokuji bai yarda da mintin dillalai ba, su da suke lissafi ba tudu, ba matakala, ba jiran danja. Kowace Asabar sai ya ɗauki agogo da ɗan littafi ya je ya taka da kansa. Wata bakwai, unguwa goma sha ɗaya. Shekara talatin yana gyaran rubutun wasu, ɗigo ɗaya ba ya wuce shi. Wannan halin na gani na aure shi, shi ne kuma yake neman haukata ni.

Rannan na leƙa littafin. Inda dillali ya rubuta bakwai, shi ya rubuta sha uku. Mutumin da yake tafiya kamar ana korarsa! Na ce a raina ciwo yake ɓoye mini. Asabar ta gaba na sa hula da takunkumi na bi shi a baya har Machiya. Ya tsaya a ƙofar gidan, ya danna agogo, ya kama hanya a hankali yana ɗan jan ƙafar hagu. A matakalar tasha ya riƙe ƙarfe, ya sauke ta hagu, ta dama ta same ta, ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai tsakiya sai ya tsaya kamar yana duba waya.

Malama, tafiyata ce. Har wannan ƙaryar duba wayar tawa ce. Shekara biyu ina ɓoye masa ciwon gwiwa, maganin shafawar ma a wurin aiki nake ajiye shi. Na laɓe bayan injin sayar da lemo na yi kukana.

Da muka zauna cin abinci na tambaye shi me ya gani a Kita-Ayase. Bai ɗago daga kwanon shinkafarsa ba ya ce, "Mama, na tsufa, kujera nake so." Mutumin da ban taɓa ganin ya zauna a jirgi wata mace tana tsaye ba.

Yanzu in na ce Machiya, na san zai yarda, kuma kullum da safe zai tsaya bayana yana tare mini turereniya da kafaɗarsa. In na ce Kita-Ayase, na amsa ke nan cewa ƙafata ta gaza, kuma na bar unguwar uwata karo na biyu. Ina jin kunyarsa, ina kuma jin haushinsa da ya gano ni. Ya zan yi?

'Yar Machiya

*

Zuwa ga 'Yar Machiya,

Na daɗe ban karanta wasiƙar da ta sa na tsaya na cire tabarau ba. Mutane da yawa suna rubuto mini cewa an shekara talatin da su ba a san yadda suke shan shayi ba. Naki mijin ya haddace tafiyarki har da inda kike hutawa. Ki riƙe shi da kyau. Ke ma ba baya ba, shekara biyu a tsaye cikin jirgi biyu ba ƙorafi, ai sai a sara miki. Amma ke da kike miƙa wa mutane magani kina cewa su ga likita, yaushe za ki ga naki? Ki je cikin makon nan. Sai kin san ko gwiwar mai gyaruwa ce kafin ki san gidan da ya dace da ita.

Mijinki yana da gaskiya a kan safiya. Kujera a jirgin ƙarfe bakwai ba ƙaramin abu ba ce ga mai ciwon ƙafa. Amma littafinsa yana da giɓi biyu. Bai auna dawowa ba, kuma daga Hibiya da yamma ba wanda zai ajiye miki kujera, ga tasha uku sun ƙaru. Bai kuma auna ranar da za ku ajiye aiki ba, lokacin da jirgi zai rage amfani, mai awara da ƙawayenki su zama su ne rayuwar. Ki tambayi wurin aikinki ko za su bari ki fara da ƙarfe goma, bayan cunkoso ya lafa. In sun yarda, Machiya ta yi. In sun ƙi, likita kuma ya ce a rage tsayuwa, ki karɓi kujerar ba jin kunya. Machiya tana nan, tasha uku ce.

Kada ki bar dillali ya yi muku gaggawa. Ku ɗauki safiya biyu ta ranar aiki, ku hau jirgin tare daga kowace unguwa, ku dawo tare.

Amma kafin duk wannan, Asabar mai zuwa in ya ɗauki agogonsa, ki sa takalmi ki ce masa, "Baba, kawo agogon, yau mai ƙafar za ta taka da kanta." Ba sai kin ƙara komai ba, zai gane. Wata bakwai yana ɗingishi shi kaɗai a titunan da ba wanda ya san shi, ki bar bawan Allah ya miƙe ya yi tafiyarsa, ki kama hannunsa maimakon ƙarfen matakala.

Ina yi muku fatan gida mai albarka, da gwiwa mai sauƙi.

Kiyono