Tabar Ja'e

Tsaskiya, Safana
Ranar Litinin

Zuwa ga ƙanwata Hansatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Malam da yara. Mu nan sai godiya, an fara yankan dawa.

Bayan haka, Armaya'u mai babur ya kawo mini naɗin taba biyar da kika aiko wai in ga irin adon ajiyarki. Na gani, kuma tun jiya raina a ɓace yake. Da ruwa ya rushe bangon ɗakina na aiko miki tukunyar taba, na ce ki girke ta gefen randa a kan yashi mai danshi, kada ki buɗe. Wane ɓangaren maganar ne bai shiga kunnenki ba?

Naɗi arba'in ne, kowanne kaurin babban yatsa. Ni na shuka, ni na shanya a inuwa, ni na naɗe da hannuna. Ranar da na rufe su, in ka matsa ɗaya sai ya lotsa ya dawo. Yanzu ina taɓawa yana farfashewa. Na kunna ɗaya don gwaji, ya ci wuta kamar busasshen kara, ya ƙone ta gefe guda, hayaƙin ya yaƙushe mini maƙogwaro. Ga warin kafur, sai ka ce akwatin kaya na zuƙa!

Kin san ba don kaina na yi ba. Tabar Ja'e ce. Shekara talatin da ɗaya duk kaka yana sauke shanunsa a gonata, su ci kara su bar mini taki, ni kuma in tarbe shi da tabarsa. A wannan zamanin da gaisuwa ma ta yi wuya tsakanin manomi da makiyayi, in na tarbe shi hannu rabbana zai ce ni ma na canza. Kada ki ƙara taɓa sauran.

Yayanki,
Badamasi

*

Batsari
Ranar Alhamis

Yaya Badamasi,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Yaya Maijidda da aikin kaka.

Na karanta takardarka a ofishin malamai, sai da na fita waje don kada a ga fuskata. Wata uku ina tsallake tukunyar nan a madafina, ko sannu ban samu ba. Na buɗe, ban musa ba. Na tarar da kaya da laima, ni kuwa tun ina yarinya Inna ta koya mana duk abin da za a adana sai ya ga rana. Kuɓewa, kuka, barkono, wanne ne ba a shanyawa? Na baza su a kan kwanon ɗaki kwana uku, ina korar kaji, na jera su a bokitin roba, na sa kafur saboda ƙwari. Da na bari sun ruɓe, da me za ka ce?

Tunda dai danshi kake so, na gyara. Na yayyafa musu ruwa sosai, na ƙulle a leda, ga su nan Armaya'u zai kawo ranar kasuwa mai zuwa. Kuma Yaya, mutumin da abotar shekara talatin za ta mutu a wurinsa saboda hayaƙi, a bar shi ya tafi.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Hansatu

*

Tsaskiya
Ranar Juma'a

Hansatu,

Sallama da gaisuwa. Maijidda ta amsa.

Inna lillahi! Na ce kada ki taɓa, kika yi musu wanka. Kwana takwas a leda cikin zafin nan! Na kwance ƙullin, fumfuna ta yi musu fari fat, sun kumbura, wasu sun tsage. Ashana goma sha ɗaya na ƙyasta wa guda, na zuƙa har kunnuwana suka toshe, hayaƙi bai fito ba. Taba ba kuɓewa ba ce, malama. Danshi take sha a hankali ta jikin tukunya, yadda randa ke sanyaya ruwa, ba a ɗura mata.

Maganar Ja'e kuwa, ki iya bakinki. Shekarar da aka kore mana shanun huɗa, wa ya bi sawu kwana huɗu ya dawo da su? Kina makaranta lokacin, da kuɗin gyaɗar da suka nome. An ce shanunsa sun iso Yasore. Jibi zan tsaya gabansa da ruɓaɓɓen ganye.

Badamasi

*

Batsari
Ranar Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban san zancen shanun huɗar ba, ba wanda ya taɓa gaya mini. Ka faɗa wa Baba Ja'e ni na ɓata, ka kira sunana. In ya ƙi sauka, zan zo da kaina in durƙusa masa.

Hansatu

*

Tsaskiya
Ranar Talata

Ƙanwata Hansatu,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya.

Ja'e ya sauka. Na miƙa masa ledar, na fara bayani, ya sunsuna, ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Ya ce, “Badamasi, ai shekara bakwai ke nan rabona da taba, tun da ƙirji ya kwantar da ni. Wadda kake ba ni tana nan cikin tulu, ban taɓa kunna ko ɗaya ba.”

Na ce to don me yake karɓa? Ya ce, “In na ce na bari, da mi za ka tarbe ni? Tsoro na ji kada ka daina jirana.”

Shekara bakwai ina ban ruwa, ina tsince tsutsa, ina faɗa da ƙanwata a kan tsohon da ba ya sha! Har yanzu haushinsa nake ji. Shanun suna gona.

Ki ba Armaya'u tukunyata, kada ki wanke ta da sabulu. Na ware irin baɗi.

Yayanki,
Badamasi