Gidan bakin burtali

Uwar Yasin,

Na dawo na iske kin tafi suna, mai kabu-kabu kuma na jirana. Na ga gidan unguwar Cadawa da yayanki Shu'aibu ke ta yabo. Filin ƙofar gidan da kika gani a hoton waya, kika ce yara sun samu wurin wasa, to ba fili ba ne, burtali ne! Rani ya sa Shu'aibu ya gan shi fayau. Wani dattijon Bafillace ya ce mani da damina shanu ke bi safe da marece, har bango suke goga. Ɗiyarmu Sumayya da ko kaza ta biyo ta sai ta faɗi, ita za ki saki nan?

Ki kwance kayan da kika ɗaure, ki aika wa Usmanu mai amalanke kada ya zo gobe. Ba mu tashi sai na samu gida cikin gari, kusa da lakol inda yara ke karatu. Na koma nema.

In Shu'aibu ya kira yana cewa unguwar akwai iska, ki ce na bar mashi, ya kai nashi 'ya'yan su sha.

Ɗanlami