Jan Tabo a Saman Garinmu

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna da ƙannena? Ni lafiya ƙalau. Sabon ɗakina dai ba taga, amma na fara sabawa.

Baba, yau na ga abin da dole in gaya maka. A wurin aikinmu muna auna wata iskar guba marar wari da wuta ke fitarwa. Shugabarmu ta buɗe hoton tauraron ɗan Adam, ta ɗora yatsa kan wani jan tabo, ta ce, "Nan ba masana'anta, ba motoci. Daji ake ƙonawa."

Na leƙa, wallahi saman garinmu ne! Kuma an ɗauki hoton ne a makon da ka ce kun cinna wa karan gona wuta, har ta tsallaka cikin daji.

Ka tuna ciwon kan da ke kwantar da ni da Inna duk lokacin sharar gona, muna cewa na gado ne? Shekarata biyu a nan, ko sau ɗaya bai dawo ba.

Don Allah bana ku bar karan ya ruɓe. Allah ya ƙara girma.

'Yarka, wadda a da take miƙo maka ashana.