Bayan Tsohuwa

Talata, 12 ga Maris

Jiya teku ya yi babbar janyewarsa ta shekara. Rozenn, matata, ta tafi kamun kaguwa da kwandonta, ta zaga har bayan dutsen nan da muke kira Tsohuwa, ta ɗauki hoto da waya. Da waya! Tun ina saurayi nake ɗaukar dutsen nan daga kan tudu, da kyamara mai ƙafa uku, da katunan hotonsa na ciyar da gidan nan. Ban taɓa zagawa bayansa ba, ba na son jiƙa kayan aikina. Ashe akwai wani kogo a can da rana ke ratsawa.

Da ta nuna mini hoton na ce mata, "Ba laifi." Abincin rana bai shiga ba.

Alhamis, 14 ga Maris

Ta nuna wa Fanch mai burodi. Ina shiga shagonsa ya ce, "Gwenole, ashe mai hoton tana gida, kai ɗan rakiya ne?" Kowa ya yi dariya, har da ni. Zan koma sayen burodi a wani wuri.

Asabar, 16 ga Maris

Ofishin magajin gari zai zaɓi hoton bangon ɗan littafin lokutan cikar teku, wanda ake ratayawa a kowane jirgin ruwa da kowane ɗakin girki. Shekara da shekaru hotona ake sawa, babu mai ja da ni. Yau Rozenn tana soya galet, wainar garinmu, ba ta ko juyo ba, ta ce ita ma za ta kai nata. Wai, "Kai za ka wanke mini, tsoho, ai kai ne mai injin."

Ɗan hakin da ka raina. Sa'a ce kawai ta yi, duk wanda ya bi ta wurin zai samu. To me ya hana ni bi ta wurin?

Lahadi, 17 ga Maris

Na sa dogon takalminta na roba na gwada zagawa. Ruwa bai janye sosai ba, ba zai sake irin janyewar nan ba sai lokacin kaka. Na dawo jiƙe har ƙugu, na ce mata santsi ne ya kwashe ni a bakin tashar jiragen ruwa.

Talata, 19 ga Maris

Kishi nake yi. Na rubuta, ba wanda zai gani. Ana cewa kishi kumallon mata ne, wanda ya faɗa bai san ni ba.

Laraba, 20 ga Maris

Na wanke mata hoton a kan takarda mai araha, na rage hasken kogon, ya fito dishi-dishi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "A waya ya fi haka. Amma kai ka san aikin, na gode." Ta sa a ambulan. Da ma faɗa ta yi mini.

Na cusa hannu a aljihu ina kallon yadda take lallaɓa ambulan ɗin kada ya lanƙwashe.

Juma'a, 22 ga Maris

Yau aka rufe karɓar hotuna. Da safe tana kasuwa na sake buɗe hoton nata, don in ga inda ta yi kuskure kawai. Sararin sama ya ɗan karkace, na daidaita shi. Na mayar da hasken. Takarda mai kyau ɗaya ta rage a shagona, wadda na ajiye wa nawa, kafin in ankara ta fito daga inji da kogon Rozenn a kai. Na musanya na cikin ambulan, na kai ofishin da kaina.

Matar da ke karɓa ta ce, "Naka fa?" Na ce takarda ta ƙare, kuma gaskiya ce.

Ta tambayi sunan da za a buga a ƙasan hoton. Na faɗa mata sunan Rozenn harafi-harafi, na tsaya sai da na ga ta rubuta daidai.