Ƙafar Hagu

Zuwa ga Yayana Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, maman yara da yaran duk suna gaishe ka, haka ma mai faci da sauran maƙwabtan shagonmu.

Tunda ka kashe waya, kuma duk ranar da na zo asibiti sai ka juya fuska bango ka yi barcin ƙarya, na koma ga biro da takarda. Matarka Anti za ta saka maka wannan a jakar abinci. In ka ga dama ka karanta, in ka ga dama ka naɗe cokali da ita, ni dai na rubuta.

Saƙonka ya iso. Anti ta kawo min hularka ta tuƙi, ta ce ka ce in nemi wani direba, wai wanda aka yanke wa ƙafar hagu ya gama da sitiyari, ya gama da shago. Yaya, ban karɓi wannan magana ba. Tun muna samari ni nake haɗa kaya da zarto da guduma, kai kake kai wa masu su, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hular tana nan a ƙusar da ka saba rataye ta, ba wanda zan ba.

Yanzu ga labari. Mun yi sabuwar a-kori-kura! Tsohuwa dai ka san ba ta tashi daga hatsarin nan ba, ƙarfenta kawai aka kwasa. Ni na so a sayo irinta sak, amma Anti ta bi ni wajen masu sayar da motoci, ta dafa wata fara fes ta ce ita ko babu. Ka fi ni sanin matarka in ta kafe. Na shiga na zauna, na ja kujera gaba har ƙarshenta, kar ka yi dariya, na leƙa ƙasa sai na ga birki da totur kawai. Babu kuloci! Na fito na gaya wa dillalin cewa ba a gama haɗa motar ba. Dariyar da ya yi sai da ya dafa taya. Wai otomatik ce, ita take canza wa kanta giya.

Anti ce ta tuƙo ta zuwa shago, tunda ƙaramar motarta ma haka take, ni kuwa ina gefe kamar buhun ƙusa. Ta ce gobe za ta fara koya min. Ka ji inda duniya ta kai ƙanenka.

Ina kewarka ƙwarai, shagon ya yi min shiru. Ka huta lafiya.

Ƙanenka,
Guntu


Zuwa ga Yayana Dogo,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ya ƙarfin jiki, ya fama da sandunan koyon tafiya? Anti ta ce ba ka ba da amsa ba, amma ta ce cokali ya dawo gida tsirara. To, alhamdu lillahi.

Na zo da ƙara ne, kuma kai nake ƙara. Ka tuna lokacin da kake koya min tuƙi a Tsohuwa, duk sanda na manta kuloci sai ka sakar min duka a gwiwar hagu? To gwiwar nan ba ta manta ba. Sabo turken wawa. Da na ji injin ya ɗaga murya, ƙafar hagu sai ta tashi da kanta ta tafi neman kuloci, kuma abin da take samu a wurin shi ne birki. Ta taka shi da dukan ƙarfinta, mota ta ƙame, ni da Anti mu yi sujada a gaban gilashi. Hannuna ma bai bar ni ba, kullum yana lalubar giya. Ran nan gorar ruwan Anti na damƙo na tura ta gaba da niyyar saka giya ta uku.

A babban filin nan na bayan sito muke koyo, inda ba kowa sai ciyawa. Nan na ɗan saba, har kaina ya kumbura, na ce zan kai wa wani malamin makaranta kabad ɗinsa ni kaɗai. Na ɗaure kabad da igiya tamau, amma na manta da galan ɗin shuɗin fenti da ke baya, murfinsa a ɗore kawai. Na fito lafiya, na miƙe titi lafiya, ina isowa shataletale injin ya ɗaga murya. Sauran ka san shi. Kabad bai yi komai ba, amma fenti ya yi wanka a bayan mota, ya gangaro ta ƙofar baya har kan lamba. Mai faci ya raɗa mata suna Shuɗiya, yanzu duk layin haka ake kiran ta.

Anti ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta dubi motar, ta dube ni, ta ce in ba ta takalmina na hagu. Ta jefa shi bayan kujera, ta sa na naɗe ƙafar can ƙarƙashin mazauni, ta ce daga yau wannan ƙafar fasinja ce. Ƙato da ni, da furfura a gemu, ina tuƙi da takalmi ɗaya.

Amma Yaya, wallahi dabarar ta ci. Kuma motar nan akwai daɗi! Ka san hawan nan na bakin gada, inda Tsohuwa take gangarowa baya kana ta addu'a ina fita da gudu in sa dutse? Jiya na tsaya a tsakiyarsa cak, na ɗaga ƙafa daga birki na taɓa totur, ta haye abinta ba ko tari. Har waƙa na kama yi ni kaɗai. Sai da na juya in ce maka ka gani, na tarar kujerar ba kowa, sai na bar waƙar.

Allah Ya tashi kafaɗunka. Yara na tambayar yaushe Baba Dogo zai dawo.

Ƙanenka mai takalmi ɗaya,
Guntu


Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya. Ka yafe min gajeriyar gaisuwa, labari ne yake cina.

Yau da safe na kai babban kabad mai madubi can ƙetaren gari. Ka san yadda madubi yake, kai kanka ba ka yarda kowa ya taɓa sitiyari in da shi a baya. Na shiga cunkoson kasuwa, tafi kaɗan tsaya kaɗan, na haye gada, na bi hanyar nan mai ramuka, na isa madubi ko tsagin gashi babu. Don murna na diro na shiga gidan mutane ina ta sallama da ƙarfi. Maigidan ya amsa, amma idonsa na ƙasa. Na bi idonsa da kallo, sai ga ƙafata ta hagu da safa kawai, safar ma da huda.

Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, in ce ai wannan ƙafar ba ta da aiki a motar nan. Maganar ba ta gama fita ba na ji kamar an kwaɗa min guduma. Yaya, tun daga shago har gidan nan ƙafar hagu ba ta taɓa komai ba. Tana naɗe tana hutawa, mota na tafiya. Na koma na zauna a ƙofar bayan Shuɗiya, kan busasshen fentin nan, ina dariya hawaye na zuba. Bawan Allah ya kawo min ruwa, yana zaton rana ce ta taɓa ni.

Daga nan gidanka na wuce. Anti tana shanya, ta ga fuskata, ta ce ashe na gano, ta zaci sai baɗi. Ashe tun kafin mu je sayen mota ta tambayi likitanka, ya ce in ciwo ya warke ba abin da zai hana ka tuƙa irin wannan. Na ce to me ya hana ta gaya maka? Ta ce in daga bakinta ne za ka ce lallashi ne na mata, in daga likita ne za ka ce aikinsa ke nan. Ta fi so ka ji daga wanda ya sha wuya, kuma kowa ya san ni ban iya lallashi ba.

To ga shi ka ji. Ni da nake da ƙafa biyu, ɗaya ta yi min yawa. Motar nan ba don ni aka saye ta ba, riƙo aka ba ni, kuma ka ga abin da na yi mata a ɗan riƙon. An ce ranar Asabar za a sallame ka. Zan zo da ita bakin asibiti. Ba zan matsa maka ba, amma ina roƙon ka da girman Allah ka fito ka dube ta.

Ƙanenka,
Guntu


Zuwa ga ƙanena Guntu,

Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Ka gaida maman yara da yaran, ka ce wa mai faci na ji sunan da ya sa, ya yi daidai.

Na karanta takardunka duka, wasu har sau biyu. Ranar da na karanta ta fenti na yi dariyar da sai da nas ta leƙo, ita ce dariyata ta farko a ɗakin nan. Juya maka baya da nake yi ba fushi ba ne. Ban so ka ga fuskata ba ne, ka yafe min.

Ban yi mamakin ka ba. Tun kana ƙarami sai abu ya taka ka kake ganin sa. Kai sai ka cire takalmi kafin ka iya motar nan, ni kuwa likita ya riga ya hutar da ni. Ka ga ko yanzu na riga ka.

Ranar Asabar ba gida za mu fara zuwa ba, filin bayan sito za ka kai ni, kuma Anti ce za ta zauna a gefena, ba kai ba. Kar ka kankare fentin, ina so in gani da idona. Ka zo da takalmanka biyu kar ka ba ni kunya a gaban ma'aikata. Kafin in fito ka ja kujerar nan baya har ƙarshenta.

Ka taho min da hulata.

Yayanka,
Dogo